Tsokar da Ke Tare Hanyar Zuciya

Idan likitan fiɗa ya tsaga ƙashin ƙirjin jariri domin ya gyara masa zuciya, ba zuciyar ce ke fara bayyana a gabansa ba. Wata tsoka ce mai laushi, ruwan hoda-hoda, mai ɓari biyu, kwance a kan jakar zuciya da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta. Likitoci na kiranta taimos. A jikin babban mutum ta riga ta motse, akasarinta ya koma kitse, amma a jikin jariri tana da girman da za ta rufe daidai wurin da ake son sa allura da zare. Shi ya sa tun da aka fara buɗe ƙirjin ƙananan yara, likitoci suka saba yanke ta, wani sa'in rabi, wani sa'in gaba ɗaya, a ajiye gefe, a ci gaba da aiki. Sau da yawa ko a takardar bayanin tiyata ba a rubuta cewa an cire ta.

Kafin a kai ga wannan, taimos ta daɗe tana shan zargi a hannun likitocin Turai. A 1889 wani likitan binciken gawa a Biyana, Arnold Paltauf, ya ce akwai yaran da ke mutuwar fuju'a saboda taimos ɗinsu ta cika girma. Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Gawarwakin yaran da likitocin wancan zamani suka saba buɗewa na 'ya'yan talakawa ne da suka mutu bayan doguwar jinya ko yunwa, kuma jinya da yunwa suna motsar da taimos. Wannan motsattsiya ita suka ɗauka ita ce daidai. Da suka buɗe yaron da ya mutu farat ɗaya yana cikin ƙoshin lafiya, suka tarar da tsokar cike, sai suka ɗora mata laifi. A 1907 wani likita a Sinsinati ta Amurka, Alfred Friedlander, ya haska wa wani jariri hasken ekis-re a ƙirji, tsokar ta ragu, aka ce an samu magani. Dubban jarirai aka yi wa haka cikin shekarun da suka biyo baya, har da waɗanda lafiyarsu lau. Wani kwamiti a Ingila ya bayyana a 1931 cewa bai ga hujjar wanzuwar wannan cuta ba, amma ba a daina ba. Sai a 1950 likitoci biyu a Niyu Yok, Duffy da Fitzgerald, suka lura cewa cikin yaran da ke zuwa musu da kansar tayirod, wato ƙululun da ke gaban maƙogwaro, kusan kashi ɗaya bisa uku an taɓa haska musu ƙirji suna jarirai. Binciken da aka yi a Rocesta daga baya, inda aka kwatanta yara sama da 2,500 da 'yan'uwansu da ba a haska ba, ya tabbatar da zargin. An gudu daga cutar da babu ita, an faɗa wadda ake da ita.

A daidai waɗannan shekarun ne tiyatar zuciya ke tasowa. A 1938 Robert Gross ya ɗaure wata jijiya da ta ƙi rufewa bayan haihuwa a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a Boston. Ranar 29 ga Nuwamba 1944, a asibitin Johns Hopkins, Alfred Blalock ya karkatar da jini zuwa huhun wata jaririya da jikinta ya yi shuɗi don ƙarancin iska, bisa shawarar Helen Taussig, Vivien Thomas kuma, baƙar fatan da ya ƙirƙiro dabarar a ɗakin gwaji, yana tsaye a bayansa yana nuna masa. Ranar 6 ga Mayu 1953 John Gibbon ya toshe rami a zuciyar wata budurwa a Filadelfiya, na'ura tana yi mata aikin zuciya da huhu. A 1954 da 1955 Walton Lillehei na Minesota ya yi wa yara 45 tiyata ta hanyar haɗa jijiyoyinsu da na wani babba, yawanci uba ko uwa, zuciyar babban tana ɗaukar nauyin mutum biyu. Duk wanda ya karanta labarin wannan zamani zai gane abin da ya sa babu wanda ya tsaya tambayar amfanin taimos. Yara na mutuwa a kan teburin tiyata, kuma abin da ake nema kawai shi ne yaro ya kai gobe.

Amsar ta fito ne daga inda ba a zata ba. Jacques Miller, matashin likita da ya tashi a Shanghai ya yi karatu a Ostireliya, yana bincike a Landan kan sankarar jini a jikin ɓeraye. Don ya ga ko cutar na buƙatar taimos kafin ta kama, sai ya riƙa cire wa 'ya'yan ɓeraye tsokar cikin kwana ɗaya da haihuwarsu. Da aka yaye su, suka fara ramewa suna mutuwa. Ya duba jininsu ya tarar wani jinsin fararen ƙwayoyin jini ya ragu ƙwarai. Ya ɗinka musu fatar wasu ɓerayen da ba danginsu ba, wadda jiki mai lafiya zai yar cikin 'yan kwanaki, sai fatar ta kama har ta fid da gashi. Ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1961. Manyan masanan lokacin ba su karɓa nan take ba. Peter Medawar, wanda ya riga ya ci lambar Nobel a kan garkuwar jiki, ya rubuta bayan shekara biyu cewa kasancewar waɗannan ƙwayoyi a cikin taimos hatsarin halitta ne maras muhimmanci. Dalilin shakkarsu mai ƙarfi ne: an sha cire wa manyan dabbobi taimos ba a ga komai ba. Abin da Miller ya gano shi ne lokaci ne ke da muhimmanci.

Cikin shekara goma aka fahimci aikin. Ƙwayoyin suna fitowa daga ɓargo ba su san komai ba, su shiga taimos kamar almajirai. A can kowace ke samun alamar da za ta gane abokin gaba guda da ita, sannan a gwada ta. Wadda ba ta iya gane komai ta mutu, wadda kuma ta ɗauki naman jikin mai ita a matsayin abokin gaba a kashe ta. Sama da kashi 90 cikin ɗari ba sa fitowa da rai. Waɗanda suka tsira su ne ƙwayoyin T, kuma harafin daga sunan taimos aka ɗauko shi. Max Cooper da Robert Good suka nuna a jikin kaji a 1965 cewa akwai jinsi na biyu, ƙwayoyin B, masu ƙera sinadaran kariya, Miller da ɗalibinsa Graham Mitchell kuma suka nuna cewa na biyun ba sa aiki sosai sai na farkon sun taimaka musu. Makarantar tana cika ne tun yaro yana ciki da kuma shekarunsa na farko, daga nan ta riƙa raguwa a hankali.

A shekarar 1965 ɗin dai, wani likitan yara a Filadelfiya, Angelo DiGeorge, ya ba da labarin jariran da aka haifa babu taimos, masu fama da cututtukan da ba sa jin magani. Da yawansu suna da nakasar zuciya. Wannan ba haɗuwar tsautsayi ba ce, domin taimos da mafitar jinin zuciya a yanki ɗaya suke tsirowa a wuyan tayi, kuma wasu ƙwayoyin da ke gina wannan su ke gina wancan. Daga baya aka gano cewa akasarin masu wannan larura sun rasa ɗan guntu ne a jikin kuromosom na 22, abin da ke samun kusan jariri ɗaya cikin 4,000. Mafi yawansu suna da 'yar taimos ƙarama da ke aiki gwargwado, ƙalilan ƙwarai ne babu ko kaɗan. Ke nan wasu yaran da ake kai wa likitan zuciya sun zo da raunin garkuwa tun kafin wuƙa ta taɓa su, kuma wannan ya rikita duk wani lissafin da aka yi daga baya.

Abin mamakin shi ne, a daidai lokacin da ilimi ya nuna cewa taimos ta fi amfani a farkon rayuwa, a lokacin ne likitocin fiɗa suka matso da tiyatarsu farkon rayuwa. Brian Barratt-Boyes na Okland ta Niyuzilan ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa za a iya sanyaya jikin jariri ƙwarai, a tsayar da gudun jini, a gyara zuciyar gaba ɗaya ba sai an jira ya girma ba. Adib Jatene na Barazil ya yi nasarar sauya wa manyan jijiyoyi biyu da suka fito a juye mazauni a 1975, kuma cikin shekarun 1980 asibitin yara na Boston ya mai da wannan aikin na makonnin farko bayan haihuwa. Hujjarsu ba ta da ja: jaririn da jijiyoyinsa suka fito a juye, idan ba a taɓa shi ba, da wuya ya cika shekara. Sakamakon shi ne a kowace shekara dubban jarirai suka riƙa rasa taimos a kusan shekarun da ɓerayen Miller suka rasa tasu.

Amma ba su rame sun mutu ba, kuma dalilin yana cikin bambancin halitta. Ɗan ɓera ana haifarsa makarantarsa ba ta fara yaye ɗalibai ba, ɗan Adam kuwa taimos ɗinsa tana aiki tun watannin farko na ciki, saboda haka yana zuwa duniya da runduna a jininsa. Wani bincike a Birmingham a 1987 ya nuna cewa yaran da aka cire wa tsokar cikin watanni ukun farko suna da ƙarancin ƙwayoyin T bayan shekaru. Wani kuma a Los Anjalas a 1998 ya bi jarirai har shekara guda, ya ga adadin ya ragu amma ƙwayoyin na aiki, kuma yaran ba su fi sa'o'insu rashin lafiya ba. Da wannan aka kwantar da hankali. Sai dai shekara guda gajeren ma'auni ne ga abin da aka tanadar domin shekara saba'in.

Ba taimos ce kaɗai ke shan wahala a ɗakin tiyata ba. Jinin da ya bar jiki ya bi ta bututun roba yana ɗaukar robar a matsayin baƙo. A 1981 Dennis Chenoweth da abokan aikinsa, ciki har da John Kirklin, suka nuna cewa na'urar zuciya da huhu tana tayar da wasu sinadaran jini masu kiran yaƙi, sai kumburi ya bazu a jiki duka, jijiyoyi su riƙa yoyo, huhu ya jiƙe. Jariri ya fi kowa shan wannan, saboda jininsa kaf bai wuce cikin kofi ɗaya da ɗan wani abu ba, ruwan da ake cika na'urar da shi kuma yakan kai haka ko ya fi. Bayan tashin hankalin sai jiki ya taka birki, wani sa'in ya wuce gona da iri. Likitoci a asibitin Great Ormond Street na Landan sun nuna a 2002 cewa yaran da wasu fararen ƙwayoyinsu suka yi sanyi sosai a kwanakin farko bayan tiyata sun fi kamuwa da cuta a jini. A asibitin nan ne kuma aka ƙirƙiro, a 1991, dabarar tace jinin yaro da zarar an sauke shi daga na'ura don a rage ruwa. Shekaru da yawa likitoci na ba da maganin kashe kumburi kafin tiyata bisa kyakkyawan zato. Da aka gwada shi a kan jarirai kimanin 1,200 a Amurka, aka buga sakamakon a 2022, bambancin da aka gani tsakanin waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba bai taka kara ya karya ba, sai dai masu maganin sun fi samun hawan sukari.

Wannan duka na kwanaki ne ko makonni. Akwai mai daɗewa. Bututun da ke kwaso ruwan limfa daga hanji ya zuba a jini ta ƙirji yake bi, kuma idan ya huje a tiyata, ko matsin jini ya hana shi zuba, sai wani ruwa fari kamar madara ya taru a gefen huhu. Ruwan cike yake da ƙwayoyin T da sinadaran kariya, kowace rana kuma ana zuƙe shi ana zubarwa. Yaran da aka haifa da ɗaki ɗaya mai bugawa a zuciya, waɗanda ake yi wa aikin da Francis Fontan na Faransa ya bayyana a 1971, wasunsu kan yi irin wannan asara ta hanji shekara da shekaru. Wasu kuma an haife su ne babu saifa, ita ma nakasa ce da ke tafiya da wasu cututtukan zuciya, kuma yaron da babu saifa zazzaɓi kaɗan na iya zama masa ajali cikin sa'o'i.

Komawa ga taimos, abin da ya buɗe ido shi ne sabon ma'auni. A 1998 Daniel Douek da abokan aikinsa suka nuna cewa duk ƙwayar T da ta fito sabuwa tana ɗauke da wani ɗan zoben ƙwayar gado, saura daga yanke-yanken da aka yi wajen ƙera alamarta. Zoben ba ya ninkuwa idan ƙwayar ta rabu biyu, saboda haka ƙirga shi a jini yana nuna yawan sababbin ɗalibai. Da aka auna yaran da aka cire wa taimos, sai aka ga zoben ya yi ƙaranci ko da adadin ƙwayoyin ya yi kusa da daidai. Jiki yana cike gurbi ne ta hanyar ninka tsofaffi. Adadi ya cika, amma nau'o'in abokan gaban da rundunar ke iya ganewa sun ragu, kuma wannan ita ce siffar garkuwar tsoho.

A Insburuk ta Ostiriya, Martina Prelog ta nuna a 2008 cewa irin waɗannan yara sun fi jinkirin amsa wata allurar rigakafi da jikinsu bai taɓa gani ba, ko da yake bayan allura ta uku sun kamo sauran. A Faris, Delphine Sauce da Victor Appay suka duba matasa masu kimanin shekara 20 da aka cire wa tsokar suna jarirai, suka buga a 2009 cewa lafiyarsu ƙalau a ido, amma waɗanda suka kamu da wata ƙwayar cuta gama-gari mai zama a jiki har abada, wadda ake taƙaita sunanta da CMV, jininsu ya yi kama da na tsofaffi. Daga Holan kuma labari mai daɗi ya zo a 2011: a jikin yara da yawa da aka yi wa aiki suna jarirai, hoton ƙirji ya nuna tsokar ta sake tohowa, kuma bayan kamar shekara 5 adadin ƙwayoyinsu ya fara komawa daidai. Da alama ɗan guntun da ya tsere wa almakashi a can sama wajen wuya ya isa iri.

Tambayar da iyaye za su yi ita ce ko duk wannan yana zama cuta. Masu bincike a Suwidin sun duba bayanan mutum sama da 5,000 da aka yi wa irin wannan tiyata kafin shekara 5, suka ba da rahoto a 2018 cewa sun fi sauran jama'a kamuwa da cututtuka masu yaɗuwa, da waɗanda garkuwa ke juya wa jiki baya kamar raunin tayirod da kumburin gaɓoɓi na yara, da kuma kansa, ko da yake adadin masu kansar kaɗan ne. Matsalar ita ce raba laifi. Yaron da aka haifa da nakasar zuciya ya fi yiwuwa yana da larurar gado, ya fi shan hoton ekis-re, ya fi kwanciya asibiti, kuma likitoci sun fi sa masa ido har su ga abin da ba za a gani a jikin wani ba. A 2023 wani rahoto daga Boston ya tada ƙura, inda ya ce cikin manyan da aka cire wa taimos, kashi 8.1 cikin ɗari sun mutu cikin shekara 5, alhali kashi 2.8 ne suka mutu cikin waɗanda aka yi wa tiyatar ƙirji aka bar musu ita. Masu suka suka ce da yawan waɗanda aka cire wa suna da ƙari ko wata cuta tun farko. Mahawarar na nan, amma ta isa ta sa likitocin zuciyar yara da yawa suka koma barin ɓari ɗaya ko wani yanki idan wurin aiki ya ba da dama.

Ga ƙasashen Afirka ta Yamma, inda aka buɗe zuciya a Inugu a 1974 ƙarƙashin Fabian Udekwu da Magdi Yacoub, lissafin ya ɗan bambanta. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da nakasar zuciya a nan kamar ko'ina, amma wanda ya samu tiyata, a gida ko a Indiya, yawanci ya wuce jarirantaka, taimos ɗinsa ta riga ta yi wani aiki. A ɗaya gefen, yana komawa inda ƙyanda da tarin fuka suke, ga tamowa da ita ma ke motsar da tsokar, CMV kuwa kusan kowane yaro na kamuwa da ita da wuri. Rigakafin yaron da aka yi wa aikin zuciya ya fi na kowa muhimmanci, kuma idan an ƙara masa jini, likita kan ɗaga allurar ƙyanda na wasu watanni don kada ta tashi a banza. Rigakafin tarin fuka da ake yi ranar haihuwa da ɗigon shan inna kuwa masu rai ne, haɗari ne ga jaririn da aka haifa babu taimos sam.

Irin wannan jariri, a da, ba ya wuce shekara 2 ko 3. A 1993 wata likita a jami'ar Duke ta Amurka, Louise Markert, ta fara karɓar taimos ɗin da likitocin zuciya suka cire wa jarirai 'yan ƙasa da wata 9, da yardar iyayensu. Ana yayyanka ta siri-siri, a reni yankan a ɗakin gwaji na mako 2 zuwa 3 har ƙwayoyin T na mai ita su fice, sannan a dasa a cikin naman cinyar yaron da ba shi da ita. Ƙwayoyin ɓargonsa su nemo hanya su shiga, bayan wata 6 zuwa shekara sababbin ɗalibai su bayyana a jininsa. Cikin yara kimanin ɗari da aka yi wa haka, kusan uku bisa huɗu sun rayu, kuma a Oktoba 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dashen. A shekarar ce kuma likitocin Duke suka dasa wa wani jariri sabuwar zuciya, bayan mako biyu suka dasa masa taimos ɗin wanda ya ba da zuciyar, da fatan ƙwayoyin da za su yi karatu a cikinta su ɗauki baƙuwar zuciyar a matsayin 'yar gida.